Tsara Shekarar Cibiyar Koyo a Ƙaramin Gari: Jagora daga Ƙasar Burumburum

Cibiyar koyo ta al'umma, a ma'anar da masana ilimin manya suke nufi, wuri ne da mutanen gari suke haɗuwa domin neman sani ba tare da ƙa'idojin makarantar boko ba, wato babu jarrabawar shiga, babu iyakar shekaru, kuma ba lallai ne a fita da takardar shaida ba. Tana iya zama aji ɗaya da makarantar firamare ta ba da aro bayan an tashi yara, ko zauren da wani mai hali ya sadaukar, ko rumfar kara a gindin ɗorawa, domin tsarin da ake bi da mutanen da suka ɗauki nauyin aikin su ne suke mayar da wuri cibiya. Ƙasar Kano ta daɗe da sanin irin wannan aiki, tun daga azuzuwan Yaƙi da Jahilci na shekarun 1950 har zuwa Hukumar Ilimin Manya da gwamnatin Muhammadu Abubakar Rimi ta kafa a 1980. Sai dai azuzuwan karkara sun fi tsayawa a kan karatu da rubutu da lissafi, kuma galibi jadawalinsu a birni ake tsara shi, shi ya sa da zarar ruwa ya sauka sai a wayi gari malami yana zaune shi kaɗai da allo. Wannan jagora ta ginu ne a kan cewa shekarar cibiya daga shekarar mutanen gari ake ciro ta, kuma mafi yawan malamanta da kayan aikinta suna nan cikin garin da dajin da yake kewaye da shi.

Burumburum gari ne a Ƙaramar Hukumar Tudun Wada, a kudancin Jihar Kano, yankin da ya haɗa da Bebeji da Kiru da Doguwa. Ruwan sama a nan ya fi na arewacin jihar yawa, domin yakan kai milimita 1,000 ko ya haura a shekara, yana kuma riga na birnin Kano sauka, abin da ya sa masara da shinkafa da dawa da rake da waken suya suke karɓar ƙasar. Kogin Kano ya ratsa dajin Falgore, mai faɗin kusan murabba'in kilomita 1,000, kafin ya zuba a madatsar ruwa ta Tiga da aka gina a Bebeji tsakanin 1971 da 1974 a zamanin Gwamna Audu Baƙo, sannan daga kudu ga duwatsun Riruwai inda aka daɗe ana haƙar kuza. Ƙaramin garin da yake da daji da kogi da dutse da fadama a kusa da shi yana da abin koyarwa na shekara guda cif, ko da bai mallaki littafi ɗaya ba.

Kalanda uku da ake haɗawa

Aikin farko shi ne kafa kwamiti, kuma hanyar da ta fi aminci ita ce a bi ta hannun mai unguwa zuwa dagaci, a sanar da hakimi, tun kafin a kira kowane taro. Kwamitin da zai iya tsara shekara yana buƙatar liman ko wakilinsa, da shugaban makarantar firamare, da malamin gona, da sarkin noma, da arɗon Fulanin da suke zaune a kewaye, da mata biyu aƙalla waɗanda ake jin maganarsu a cikin gidaje, kamar ungozoma da malamar Islamiyya, sannan da wakilin matasa. Inda gari yake da mabiya addinin Kirista ko wata ƙabila da ba Hausawa ba, kamar yadda ake samu a sassan Tudun Wada da Doguwa, rashin ba su kujera tun farko yakan sa su ɗauka cewa cibiyar ba tasu ba ce, kuma gyara wannan daga baya yana da wuya.

Zaman farko na kwamiti ya kamata ya kasance bayan an gama kai amfanin gona gida, wajen watan Disamba, a shimfiɗa babbar takarda a raba ta gida goma sha biyu, sannan a ɗora kalanda uku a kanta ɗaya bayan ɗaya. Ta farko ita ce ta noma, wadda take bin rana, wato hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu, da bazara daga Maris zuwa Mayu, da damina daga ƙarshen Mayu zuwa farkon Oktoba, da kaka a Oktoba da Nuwamba. Malaman hisabi suna lissafa wannan shekara da taurari 28, kowanne yana yin kwana 13, ban da ɗaya mai kwana 14, wanda jimillarsu ta ba da kwana 365, kuma yana da kyau a gayyaci mai wannan ilimi ya zauna tare da malamin gona mai riƙe da hasashen damina na Hukumar NiMet, domin manoma suna sauraron su duka biyun. Ta biyu ita ce kalandar Musulunci, wadda take bin wata, kuma take matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, ta yadda azumin da ya kama a Agustan 2010 cikin marka, wato lokacin da ruwa yake wuni yana zuba, ya dawo Yuni a 2016 ana tsakiyar shuka, ya kuma iso Maris a 2024 cikin zafin bazara. Saboda haka jadawalin bara ba ya yi wa bana aiki, dole a sake zana shi duk shekara. Ta uku ita ce ta makarantu da kasuwanni, wato zangon karatu da hutu da ranakun da kasuwannin kewaye suke ci, domin duk ajin da aka sa ranar kasuwa ba zai ga kowa ba.

Gurbin da ya rage bayan an ɗora waɗannan uku shi ne lokacin cibiya. Akwai kuskure guda da ya kamata a kauce masa a wannan yanki, wato ɗauka cewa rani duka lokacin hutu ne. Garuruwan da suke bakin Tiga da fadamun kogi suna shiga noman rani na tumatir da albasa da barkono da alkama tun daga Nuwamba, samari da yawa kuma suna tafiya cin rani, don haka kowane gari shi zai faɗi wane ne yake gida a wane wata. Wannan dabara ta bin shekarar manomi ba sabuwa ba ce a duniya, domin makarantun manya na karkarar Denmak, waɗanda ta farkonsu ta buɗe a 1844, sun riƙa karantar da samarin manoma a watannin sanyi, 'yan mata kuma a wani zango dabam, kuma hakan ne ya sa suka samu karɓuwa.

Hunturu: sana'a, tarihi da fita daji

Hunturu shi ne babban zangon cibiya, kuma a nan ne ake zuba karatu da rubutu da koyon sana'o'in hannu, da hantsi idan rana ta ɗan yi ɗumi ko bayan la'asar. Ƙa'idar da ta fi muhimmanci ita ce kada a raba sana'a da gidanta. Idan ƙira za a nuna, a kai masu koyo maƙera su ga zuga-zugi da uwar maƙera da yadda ake fitar da ruwan fartanya, idan ginin tukwane ne a je inda ake ɗibar yumɓu da inda ake gashi, domin gwanin da aka ɗauko aka tsayar a gaban allo yakan rasa abin faɗa. Wasu sana'o'in na gado ne, masu su kuma suna da abin da ba sa son bayyanawa, don haka a nemi abin da suka yarda su koyar a tsaya a nan, a kuma biya su ladan lokacinsu ko da da tiyar hatsi ne. Saƙar faifai da tabarma da kaba, da tufkar igiyar rama, da saƙar zana da gamba, da fafe ƙwarya da yi mata zane da wuƙa mai zafi, duk sana'o'i ne da mutum zai iya fitar da abu ɗaya kammalalle a cikin zama shida zuwa takwas, kuma fita da abin da aka yi da hannu shi yake sa mai koyo ya dawo. Matan aure da ba sa fita akan shirya musu nasu zaman a gidan wata dattijuwa da ake girmamawa, bayan azahar, da sanin mazajensu.

Dare a hunturu na tatsuniya da kacici-kacici ne, kuma lokacin ne ya fi dacewa da tattara tarihin baka, wato labarin da tsofaffi suka ji daga iyayensu ba a rubuce ba. Burumburum tana da rabo babba a tarihin Kano, domin a nan ne aka kashe Sarkin Kano Muhammadu Alwali, na ƙarshe a sarakunan Kutumbawa, wajen 1807, bayan mayaƙan jihadi sun fitar da shi daga birni. Kudancin Kano ya kuma sha hare-haren Ningawa a rabin ƙarshe na ƙarni na 19, kuma har yanzu akwai masu rai da suka ga tashin ƙauyukan da ruwan Tiga ya cinye, da waɗanda suka yi aikin kuza a Riruwai. Yadda ake yi shi ne a tura mutum biyu, ɗaya yana tambaya ɗaya yana rubutu ko naɗar murya a waya, bayan an nemi izinin dattijon an kuma gaya masa inda za a ajiye maganarsa. A fara da abin da yake da sauƙin tunawa, kamar sunayen rijiyoyi da unguwanni da ƙofofin ganuwa da shekarun yunwa, kada a katse shi, kada kuma a gyara masa ko da abin da ya faɗa ya saɓa wa littafi. Daga baya a ji ta bakin wasu biyu ko uku a kan magana ɗaya, a rubuta kowace ruwaya da sunan mai ita, da boko ko da ajami, a kai wa iyalinsa kwafi.

Fita daji ma a wannan zango ake yin ta, lokacin da ciyawa ta kwanta, hanya ta bushe, macizai suka rage yawo. Falgore gandun daji ne na gwamnati, saboda haka ba a shigarsa sai da izinin hukumar da take kula da shi da rakiyar ma'aikatanta, kuma tun da dajin ya sha fama da ɓarayin shanu da 'yan fashi a shekarun baya, wajibi ne a ji shawarar jami'an tsaro a makon da za a tafi, a shiga da safe a fito kafin la'asar. Kada a yi wa yara alkawarin ganin manyan namun daji. Abin da za su gani tabbas shi ne itatuwan da suka yi ƙaranci a gonaki, irin su doka da maje da marke da maɗaci, da sawun dabbobi a bakin rafi, kuma tsohon mafarauci ɗaya da zai karanta musu sawu ya fi lacca goma amfani. A bakin Tiga kuwa akan ga zalɓe da belbela da kirinjijiya da tsuntsayen da suke zuwa daga Turai su yi hunturu a nan, amma a hana shiga ruwa gaba ɗaya saboda nutsewa da cutar tsargiya. Duk fitar da aka yi a dawo da ganye, a shimfiɗa shi tsakanin tsofaffin jaridu a danne da dutse, ana sauya takardar kullum har ya bushe, sannan a liƙa shi a littafi a rubuta sunansa da Hausa da Fulatanci da inda aka samo shi da amfaninsa. J. M. Dalziel ya wallafa littafin sunayen tsirrai da Hausa tun 1916, amma sunaye suna bambanta daga gari zuwa gari, kuma littafin da gari ya rubuta wa kansa shi zai riƙe nasa.

Bazara: ɗorawa, iri da ma'aunin ruwa

Da zafi ya shigo sai a rage tsawon zama a mayar da shi sassafe, a kuma guji cunkoso a ɗaki marar iska, domin lokacin sanƙarau ne. Duk da haka bazara ce ta fi kowane zango yawan abin lura, kuma itacen ɗorawa kaɗai ya isa darasin wata biyu. Akan fara da tutu, wato jan furenta da yake reto a ƙarshen hunturu, a bi shi har ya zama ɗorawar da take nuna a Afrilu da Mayu, sannan a raba ta kashi uku kamar yadda mata suke yi. Garin ɗorawa ana sha, kalwa, wato ƙwallon da yake ciki, ita ake dafawa wuni guda har ɓawonta ya yi laushi, a surfa a wanke, a sake dafawa, a tsane, a rufe da ganye kwana biyu zuwa uku har ta ruɓa ta yi ƙamshi, a kirɓa a mulmula a shanya ta zama daddawa. Ɓawon kuma shi ne makuba, wanda ake jiƙawa a yayyafa ruwansa lokacin daɓe da yaɓe domin ƙasa ta yi ƙarfi ta jure ruwa. Idan cibiyar tana da ɗakin ƙasa, a bar matan gari su yi masa daɓe da waƙoƙinsu a wannan lokaci, yara su gani, domin siminti ya kusa shafe wannan aiki daga idon masu tasowa. A gefe guda a sa yara su lura da gawo, itacen da yake cike da ganye a rani ya kuma kaɗe shi da damina, su tambayi manoma dalilin da ya sa hatsin da yake ƙarƙashinsa ya fi na sarari kyau.

Rainon itatuwa a Fabrairu ko Maris ake fara shi, domin dashe yana son wata uku zuwa huɗu a leda kafin a kai shi gona. Ana haɗa ƙasar sama kashi biyu da yashi kashi ɗaya da ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya, a cika ledojin fiya-wata da aka huda gindinsu, a jera su a inuwa kusa da rijiya, a kewaye da ƙaya. Iri mai taurin ɓawo, kamar na kuka da gawo da bagaruwa da kalwa, ana tafasa ruwa a sauke, a zuba masa a bar shi ya kwana, sannan a shuka. Ƙwallon kaɗanya ya bambanta, domin ba ya jure ajiya, sai dai a binne shi ɗanye a gurbinsa na dindindin da zarar kaɗe ya faɗo a farkon damina. Duk mako biyu a ɗaga ledojin a sauya musu wuri don kada saiwa ta kama ƙasa, kuma idan dashe ya rage mako biyu a rage inuwa da ruwa domin su saba da wahala. Inda aka samu wanda ya iya yi wa mangwaro aure, wato haɗa reshen iri mai kyau a kan gindin na gida, a ba shi zama biyu ko uku, domin sana'a ce da take kawo kuɗi. A lokacin sharar gona kuma a nuna dabarar da manoman Maraɗi suka yaɗa tun shekarun 1980 da sunan sassabin zamani, wato maimakon a sare duk tohon da kututture ya fitar, sai a zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi a bari, a yanke sauran, a riƙa gyara su har su zama itace. Wannan hanya ba ta buƙatar leda ko ban ruwa, kuma abin da ta raya ya fi dashe tsira.

Gwajin iri aiki ne na mako ɗaya da yake iya ceton damina guda. A ɗebo ƙwaya 100 daga sama da tsakiya da ƙasan buhu, a jera su goma-goma a kan jiƙaƙƙen tsumma mai tsabta, a naɗe a ajiye a inuwa ana yayyafa masa ruwa, bayan kwana biyar zuwa bakwai a buɗe a ƙirga waɗanda suka tsiro. Idan sun kai 85 irin yana da kyau, idan sun kai 60 amma ba su kai 85 ba sai a ƙara yawan ƙwaya a rami, idan kuwa ba su kai 60 ba a nemi wani. A nan ne mai koyon lissafi yake gane ma'anar kashi cikin ɗari ba tare da an wahalar da shi ba. Haka ma ma'aunin ruwan sama, wanda ake yi da gwangwani mai miƙaƙƙen jiki, bakinsa daidai da gindinsa, a ɗaure shi a kan turke a fili nesa da itace da indararo. Kowace safiya a lokaci ɗaya a tsoma rula a karanta zurfin ruwan da milimita, a rubuta, a zubar. Milimita ɗaya tana nufin lita ɗaya a kan kowane murabba'in mita, wato lita 10,000 a hekta guda. Malaman gona kan ba da shawarar a jira ruwan da ya kai milimita 20 a kwana ɗaya ko biyu kafin shuka, manomi kuma yakan tona ƙasa ya ga inda lema ta kai, kuma yana da amfani a rubuta hukuncin duka biyun a shafi ɗaya, tare da ranar da aka fara ganin shamuwa da daren da shinge ya fara fita.

Damina da kaka

Da an yi shuka sai cibiya ta ja baya. Tsakanin noman firi da maimai da huɗa babu manomin da yake da rarar lokaci, saboda haka zama ɗaya a mako ya wadatar, ranar Juma'a bayan la'asar, kuma gara a yi shi a gonar wani a duba ƙuduji da ya kamata a tuge kafin ya zubar da iri, da tsutsar masarar da ta shigo Nijeriya a 2016 wadda take ɓuya a cikin kunnen shuka. A Yuli, idan ruwa ya zauna, a dasa itatuwan da aka raina, a damƙa kowanne ga gida ɗaya da sunan mai kula da shi, domin dashen da ake yi don biki da ɗaukar hoto awaki ne suke cinye shi a ranin farko. Yara suna samun dogon hutu daga ƙarshen Yuli, sai a ba su riƙon ma'aunin ruwa da tattara ganyayen miya irin su tafasa da lalo da yaɗiya da gasaya, cibiya kuma ta ba ma'aikatan lafiya aron rumfarta a watannin da suke rabon maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro ga ƙananan yara.

Kaka lokacin aiki ne tuƙuru, amma kuma lokacin da cibiya take tara abin da za ta ci shekara da shi. Gamba da ciyawar jinka sai an yanke su kafin gobarar daji ta riga, duma sai ya ƙosa a yanko, rama a jiƙa a ɓare, karan dafi da ake rina fata da kaba da shi a ɗaure a rataye, kuma duk cibiyar da ta yi sakaci da wannan a Nuwamba za ta sayi kayan saƙa da tsada a Janairu. Darasin da ya dace da wannan zango shi ne adana amfanin gona. Ana gane bushewar hatsi ta hanyar zuba shi da busasshen gishiri a kwalba mai tsabta a girgiza, idan gishirin ya manne a jikin kwalbar to da sauran danshi. Wake kuma a nuna yadda ake zuba shi a buhun PICS mai ninki uku, a matse iska a ɗaure kowane ninki dabam, ƙwari su mutu ba tare da an zuba guba a abinci ba.

Taron da ya fi kowane muhimmanci ga zaman lafiyar gari shi ma a farkon kaka ake yin sa, wato zaman manoma da makiyaya a gaban dagaci da arɗo, inda za a tsayar da ranar da za a saki dabbobi su shiga gonaki, a bi burtali da mashaya da ƙafa a ga inda aka cinye su da noma, a rubuta abin da aka amince a karanta wa kowa. Cibiya ba kotu ba ce, aikinta ta ba da tabarma da marubuci. Bayan an gama sussuka da casa sai a rufe shekara da baje koli na kwana ɗaya, wanda yake da tushe a bikin kalankuwa na da, inda za a nuna faifai da ƙore da littafin ganye da iri mafi kyau da kowace unguwa ta noma, a yi kokawa da langa da dara, 'yan mata su yi gaɗa a nasu fili. Ya kamata a zauna da malaman gari tun da wuri a kan abin da za a yi da wanda za a bari, a kuma tashi kafin magariba.

Azumi yana iya faɗowa a kowane ɗaya daga cikin waɗannan zanguna, kuma idan ya zo akan dakatar da aikin rana a koma na dare mai sauƙi. Tashe, wato wasannin kwaikwayo da yara suke zagayawa da su gida-gida daga goma ga wata, yana raguwa a garuruwa da yawa, kuma cibiya za ta iya haɗa yara da tsofaffin da suka yi shi a ƙuruciyarsu su koya musu shiga da kiɗa da ma'anar kowane wasa, kamar Jatau Mai Magani da yake kwaikwayon mai tallar magungunan gargajiya.

Batun kuɗi kuwa, cibiyar da ta dogara da tallafin waje kaɗai takan tsaya ranar da tallafin ya tsaya. Abin da ya fi ɗorewa shi ne tiya ɗaya ta hatsi daga kowane gida mai hali a lokacin kaka, da ƙaramar gona da dagaci zai ba da aro a noma ta da gayya, da kashi ɗaya cikin goma na abin da aka sayar a baje koli da kuɗin dashen mangwaro. Ma'aji ya zama dabam da shugaba, a kuma karanta lissafin shiga da fita a bainar jama'a sau biyu a shekara. Littattafan cibiya huɗu ne, na kuɗi da na sunayen masu zuwa da na ruwan sama da alamomin yanayi da kuma na tarihi da tsirrai, ana ajiye su a akwatin ƙarfe saboda gara da yoyo, a ɗauki hoton kowane shafi da waya a ƙarshen wata a tura wa mutum biyu cikin kwamiti. A zaman Disamba mai zuwa littafin sunaye shi ake fara buɗewa, a duba watannin da mutane suka ragu da ranakun da ba kowa, sannan a shimfiɗa sabuwar takarda a sake ɗora kalandun uku.